Yadda Ake Gina Tsarin Gane Ayyukan Mutum da Kyamarar Jiki da Na'urorin Auna Motsi

Kyamarar da aka kafa a bango tana ganin mutum gaba ɗayansa daga nesa, amma wadda ya ɗaura a goshi ko ya rataya a ƙirji ba ta ganinsa sam. Abin da take gani shi ne hannayensa, da abin da suka riƙe, da wurin da ya fuskanta. A kan wannan bambanci aka gina wani reshe na ilimin koya wa kwamfuta gani, wanda ke nazarin aiki daga mahangar mai yin sa. Tunanin ya daɗe. Steve Mann ya yi ta harhaɗa kwamfutoci masu kyamara da ake sawa a jiki tun shekarun 1980, kuma a farkon shekarun 2000 cibiyar binciken Microsoft da ke Kambirij a Ingila ta fito da SenseCam, wata ƙaramar kyamara da ake ratayawa a wuya tana ɗaukar hoto da kanta, aka gwada ta wajen taimakon masu larurar mantuwa. Abin da ya sauya daga baya shi ne yawan bayanai. Rumbun Ego4D kaɗai ya tattara bidiyo na sa'o'i 3,670 daga mutum 931 a wurare 74 cikin ƙasashe 9.

Duk wanda zai shiga wannan aiki ya kamata ya san tun farko cewa samfurin ƙirƙirarriyar basira, wato lissafin da kwamfuta ke koya daga misalai, shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin samu. Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen fayyace abin da ake son ganewa, da daidaita agogon na'urori, da raba bayanan horarwa daga na gwaji, don haka a kansu za a fi daɗewa a nan.

Fayyace ayyukan kafin a taɓa na'ura

Mataki na farko da takarda da alƙalami ake yin sa. A rubuta tambaya guda da tsarin zai amsa, misali ko mutumin da ke murmurewa daga shanyewar ɓarin jiki yana amfani da hannunsa mai rauni a gida, ko kuwa ma'aikacin da ke harhaɗa inji ya tsallake wani mataki. Daga tambayar ake fitar da jerin ayyuka, kuma a nan dole a zaɓi girman aikin. Akwai yanayin jiki, kamar zama da tsayuwa da tafiya, wanda kan ɗauki mintuna. Akwai ƙaramin aiki, kamar ɗaukar kofi ko buɗe ƙofa, wanda ba ya wuce daƙiƙa biyu ko uku. Akwai kuma babban aiki, kamar shirin fita ko gyaran keke, wanda ƙananan ayyuka da dama ne a jere. Cakuɗa matakan nan uku a jeri ɗaya kuskure ne da ake yawan yi, domin mutum yana iya kasancewa a tsaye, yana buɗe famfo, yana kuma cikin aikin wanki, duka a lokaci guda, kuma samfurin da aka tilasta wa zaɓar ɗaya zai ruɗe ba da laifinsa ba.

Ga ƙananan ayyuka, dabarar da rumbun EPIC-KITCHENS, mai bidiyon ayyukan ɗakin girki, ya bi ta cancanci koyi. Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin Dima Damen ta Jami'ar Biristol, sun raba kowane aiki gida biyu: aikatau da suna, wato abin da aka yi da abin da aka yi wa. A bugunsa mai sa'o'i 100 akwai nau'in aikatau 97 da nau'in suna 300. Amfanin hakan shi ne samfurin da ya ga buɗe kwalba da rufe akwati yana da abin da zai dogara da shi idan ya ci karo da buɗe akwati. Sannan kada a manta da rukunin "ba ɗaya daga ciki", domin a rayuwa ta zahiri mafi yawan lokacin mutum yana tafiya ne a kan abubuwan da ba sa cikin jerin mai bincike.

Na'urori da inda za a ɗaura su

Na'urar auna motsi da aka fi amfani da ita ta ƙunshi akselaromita, mai auna sauyin gudu ta fuskoki uku, da jairoskop, mai auna juyawa, wani lokaci har da magnetomita mai nuna alƙibla. Haɗin nasu ake kira IMU a taƙaice, kuma yana cikin kusan kowace wayar zamani da agogon hannu mai manhaja. Dalilin haɗa ta da kyamara shi ne kowace tana da makantarta. Na'urar da ke wuyan hannu tana jin hannu ya tashi zuwa fuska, amma da wuya ta bambanta shan ruwa da ɗaga waya zuwa kunne, alhali kyamara ta ga kofi ko waya tun kafin a ɗauka. Ita kuma kyamara ba ta ganin ƙafafu, tana rasa hannun da ya fita daga gabanta, hotonta yana dusashewa idan aka juya kai da sauri, kuma a cikin duhu ba ta da amfani.

Wurin ɗaurawa yana sauya abin da za a samu. Kyamarar goshi ko ta tabarau tana bin inda mutum ya duba, don haka tana nuna abin da ya mayar wa hankali, sai dai tana girgiza ƙwarai. Ta ƙirji ta fi natsuwa kuma takan kama hannaye biyu, amma ba ta san inda ido ya karkata ba. Ko wacce aka zaɓa, a nemi mai faɗin gani, a ɗan sunkuyar da ita ƙasa, domin kyamarar da ke kallon gaba sak takan ɗauki bango ta bar hannaye. Game da IMU, ƙugu ko cinya sun fi dacewa da yanayin jiki, wuyan hannu kuma da aikin hannu. A rubuta ko a dama aka ɗaura ko a hagu, da kuma hannun da mutumin ya fi aiki da shi.

Motsin jikin mutum kusan duka ba ya wuce kai-komo 20 a daƙiƙa, kuma ƙa'idar ɗaukar ma'auni ta ce a auna aƙalla ninki biyu na abin da ake son kamawa, shi ya sa awo 50 zuwa 100 a daƙiƙa ya wadatar. Yana da kyau a yi lissafin ma'ajiya tun yanzu. Akselaromita mai awo 100 a daƙiƙa, fuska uku, kowane awo bayit biyu, tana tara kimanin megabayit 52 a yini guda cur. Bidiyon da ake ɗauka a kan megabit 45 a daƙiƙa kuwa yana cin kusan gigabayit 20 a sa'a ɗaya. Wannan tazara, tare da saurin cin batir, ita ce za ta yanke tsawon lokacin da za a iya ɗauka.

Izini da sirri

Ba a kunna kyamara kafin a gama da wannan. Kyamarar jiki tana ɗaukar wanda ya amince da wanda bai amince ba: iyali, da baƙi, da allon waya, da takardun da ke kan tebur. A nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a sami izini a rubuce daga mai sawa da kuma mutanen da ke zaune tare da shi. A ba shi damar kashe kyamarar duk lokacin da ya so ba tare da bayar da dalili ba, kuma shi ne zai fara duba abin da aka ɗauka ya goge abin da bai yarda da shi ba, kafin idon mai bincike ya gani. Fuskoki da lambobin mota a dusashe su. Akwai manhajoji na wannan aiki, irin su EgoBlur da kamfanin Meta ya fitar, amma sai mutum ya bi bayansu domin sukan tsallake wasu. Murya ma bayanin sirri ce, don haka idan tambayar ba ta buƙatar sauti a kashe makirufo. Dokokin kare bayanai, irin dokar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, sun ɗauki hoton da za a iya gane mutum a cikinsa a matsayin bayanin da doka ke karewa.

Daidaita agogo

A ganina babu matakin da ake rainawa kamar wannan, kuma babu wanda ke ɓata aiki a ɓoye kamarsa. Kowace na'ura da agogonta, kuma agogo biyu ba sa tafiya daidai. A ɗauka agogon na'urar hannu yana kuskuren kashi 50 cikin miliyan: a sa'a ɗaya zai goce da daƙiƙa 0.18, a yini guda kuma da fiye da daƙiƙa 4. Idan aikin da ake nema daƙiƙa biyu yake ɗauka, to zuwa ƙarshen ɗaukar laƙabin da aka sa wa bidiyo, wato sunan aikin da ake yi a lokacin, zai faɗa kan wani motsi dabam, samfurin ya koyi ƙarya, kuma babu wani saƙon gargaɗi da zai fito.

Maganin ba shi da tsada. A farkon kowace ɗauka, mai sawa ya tafa hannu da ƙarfi sau uku a gaban kyamara, ya kuma maimaita a ƙarshe. Tafin zai fito a bidiyo a matsayin hoton da tafuka suka haɗu, a akselaromita kuma a matsayin tsini uku da ba za a kasa gani ba. Tafin farko yana nuna tazarar da ke tsakanin agogon biyu, na ƙarshe yana nuna yadda tazarar ta ƙaru, sai a miƙe ko a matse lokacin ɗayan ya dace da ɗayan. Idan ɗaukar ta yi tsawo, a ƙara tafi a tsakiya. Wani tarkon kuma shi ne wayoyi da dama ba sa ɗaukar bidiyo a kan adadin hotuna tsayayye, suna ragewa idan haske ya yi ƙasa ko na'urar ta yi zafi. Saboda haka kada a ƙididdige lokaci ta hanyar ƙirga hotuna. A yi amfani da tambarin lokacin da ke jikin kowane hoto, ko a mayar da bidiyon kan adadi tsayayye da manhajar FFmpeg. Idan kyamarar tana da IMU a cikinta, kamar tabarau na Project Aria na kamfanin Meta, motsin kai ya riga ya daidaitu da hoto, amma na'urar hannu har yanzu tana buƙatar tafin.

Bayan haka a yi gwajin share fage da mutum biyu ko uku, a bi bayanansu tun daga ɗauka har zuwa sakamako, kafin a tara jama'a. Wajen tarawar, yawan mutane da bambancinsu ya fi yawan sa'o'i daraja: sa'a ɗaya-ɗaya daga mutum talatin ta fi sa'o'i talatin daga mutum ɗaya. A bar su su yi aiki yadda suka saba a inda suka saba, domin wanda aka ce masa ya sha ruwa sau goma a jere zai yi shi cikin tsari irin wanda ba ya yi a gida.

Sanya laƙabi

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan ne kyamara ke biyan wahalarta, domin babu mai iya kallon zanen akselaromita ya ce ga abin da mutum ke yi, kuma abin da mutane ke tunawa game da yininsu ba abin dogaro ba ne. Hanyar da ta fi sauri ita ce a fara da ba da labari: mai sawa, ko wani mai kallo, ya bi bidiyon yana tsayarwa yana faɗin abin da ake yi cikin gajerun jimloli. EPIC-KITCHENS ya sa masu ɗaukar su yi hakan da bakinsu, kowa da harshensa, tun da su suka fi sanin abin da suka yi. Daga nan sai a zo zagaye na biyu a sa lokacin farawa da na ƙarewa. Manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck da ke Naimegen a Holan ta samar don nazarin harshe, ta dace da wannan domin tana ba da damar jera laƙabi hawa-hawa, yanayin jiki a layi ɗaya, aikin hannu a wani. Don zana akwati a kan hannaye da kayayyaki kuma akwai manhajar CVAT.

Iyakar aiki ita ce tushen gardama. Shin buɗe ƙofa yana farawa ne lokacin da hannu ya nufi mariƙi, ko lokacin da ya taɓa shi? Amsar ko wacce ce ba ta da illa, muddin an rubuta ta kowa ya bi. A ba mutum biyu wani kaso ɗaya na bidiyon, kowa ya yi nasa ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba, a auna dacewarsu da ma'aunin kappa na Cohen. Inda mutane biyu suka kasa yarda da juna, kwamfuta ba za ta yi abin da ya fi nasu ba, kuma gyaran yana cikin ma'anar laƙabin.

Gyara bayanai da yanka su

Akselaromita tana auna jan da ƙasa ke yi tare da motsin jiki, wato kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa ko da mutum bai motsa ba. Ana raba su da matatar lissafi, amma ba a zubar da ɓangaren jan ƙasa, domin shi ke nuna ko gaɓar jikin a tsaye take ko a kwance. Sannan a yanka bayanan gunduwa-gunduwa. Sanannen rumbun UCI HAR, wanda mutum 30 suka ɗaura waya a ƙugu suka yi ayyuka shida, ya yi amfani da gunduwar daƙiƙa 2.56, wato awo 128 a kan 50 a daƙiƙa, kowace gunduwa tana hawa rabin ta bayanta. Wannan mafari ne mai kyau ga yanayin jiki, amma tsawon gunduwa ya kamata ya bi tsawon ayyukan da ake nema. A ɓangaren bidiyo a rage girman hoto, a kuma fitar da matsayin hannaye. Manhajar MediaPipe tana nuna matsayin ɗigo 21 a kowane hannu, ko da yake takan sha wuya idan abin da aka riƙe ya rufe yatsu.

Rabon bayanai, sannan samfuri

Kafin a horar da komai, a raba bayanai bisa mutane. Wanda ya shiga rukunin horarwa kada ko daƙiƙa ɗaya tasa ta shiga rukunin gwaji. Idan aka zuba gunduwoyi wuri ɗaya aka raba su da ƙuri'a, gunduwa biyu masu hawa juna za su rabu, ɗaya a horarwa ɗaya a gwaji, samfurin ya ci jarrabawar da ya riga ya ga rabin amsarta. A bidiyo matsalar ta fi haka, domin samfurin yana iya haddace launin bangon ɗakin mutum ko hannun rigarsa ya riƙa cin maki da su. Idan mutanen kaɗan ne, a riƙa ware mutum ɗaya don gwaji a horar da sauran, a zagaya har kowa ya samu nasa zagayen. Idan kuma tsarin zai yi aiki a wuraren da bai sani ba, a ware wasu wurare su ma. Sakamakon zai sauka ƙasa da na rabon ƙuri'a, wani lokaci sosai, kuma shi ne na gaskiya.

A fara da samfuri mai sauƙi. Daga kowace gunduwar IMU a fitar da matsakaici, da yawan bazuwa, da ƙarfin kai-komo, a ba samfurin nan na bishiyoyin yanke hukunci masu yawa da ake kira Random Forest. Yakan ba da mamaki, kuma shi ne mizanin da za a auna duk wani abu mai sarƙaƙiya da shi. Bayansa a gwada irin su DeepConvLSTM na 2016, wanda ke koyon siffofin motsi da kansa. A bidiyo ba a farawa daga tushe. A ɗauki samfurin da aka riga aka horar a kan babban rumbu, a ƙarasa horar da shi da bayanan da aka tara. SlowFast na 2019 misali ne mai kyau: yana da hanya biyu, ɗaya tana duban hotuna kaɗan don gane kayayyaki, ɗaya tana duban hotuna da yawa don gane motsi. A fi son wanda ya taɓa ganin bidiyon kyamarar jiki, domin wanda ya saba da kallon mutane daga nesa yana neman jikin da ba ya cikin hoton.

Haɗa ɓangarorin biyu a fara shi daga ƙarshe, wato kowane samfuri ya ba da hasashensa sannan a haɗa hasashen. Hakan ya fi sauƙin bincike idan an sami matsala, kuma tsarin ba ya durƙushewa idan batirin kyamara ya mutu. Haɗawa a tsakiyar samfuri yakan fi ƙarfi idan bayanai suna da yawa, amma a lokacin horarwa a riƙa ɓoye ɓangare ɗaya jefi-jefi, in ba haka ba samfurin zai jingina da bidiyo ya yi watsi da motsi. Daga ƙarshe a daidaita jerin hasashen bisa lokaci, domin mutum ba ya tashi daga barci ya hau keke ya koma barci cikin daƙiƙa shida.

Aunawa da fita fili

Kason dacewa na gaba ɗaya yana yaudara. Idan gunduwa 90 cikin 100 zama ne, samfurin da ba ya cewa komai sai "zama" ya ci kashi 90 bai koyi komai ba. A yi amfani da ma'aunin F1, wanda ke haɗa yawan abin da samfuri ya kama da yawan daidaiton hasashensa, na kowane aiki dabam, a ɗauki matsakaicinsu ba tare da fifita mai yawa ba, a kuma duba jadawalin da ke nuna wane aiki ake ɗauka a matsayin wane. A fitar da sakamakon kowane mutum shi kaɗai, domin matsakaici mai kyau yana iya ɓoye cewa tsarin ba ya aiki ga bahago ko ga tsoho mai tafiya a hankali. Sannan a zauna a kalli bidiyon wuraren da aka yi kuskure. Sau da yawa za a tarar laƙabin ne ba daidai ba.

Wajen fita fili, a tambayi kai ko har yanzu ana buƙatar kyamarar. Masu bincike a Jami'ar Okisfod sun sa mutum 151 ɗaura akselaromita a wuyan hannu tare da kyamarar jiki, suka yi amfani da hotunan wajen sa laƙabi, abin da ya zama rumbun CAPTURE-24. Da irin wannan bayani aka horar da samfuran da suka fassara motsin mutane kusan dubu ɗari na UK Biobank, shirin binciken lafiya na Birtaniya, waɗanda suka sa na'urar hannu kaɗai tsawon kwana bakwai. Inda dole kyamarar ta zauna, kamar wajen gane kayan aiki, ana iya barin IMU a kunne koyaushe, ita ce za ta tayar da kyamara idan hannu ya fara motsi, a sarrafa hoton a cikin na'urar a adana laƙabi kawai. Duk lokacin da aka sauya nau'in kyamara, ko wurin ɗaurawa, ko rukunin mutanen da ke sawa, a sake ɗaukar 'yan sa'o'i, a sa musu laƙabi da hannu, a auna tsarin a kansu kafin a ci gaba da dogara da shi.